Katantanwar Aji Huɗu

Wata Juma'a ce cikin damina, ina aji huɗu a 'yar makarantar Lutheran ta ƙauyenmu kusa da Numan, katantanwa na rataye a wuyana. Dokar makarantar ita ce, da an kaɗa ƙararrawar safe ba Hausa, ba Bacama, sai Turanci. Wanda ya kuskure, a rataya masa ɓawon katantanwa mai zare, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani. Wanda aka tashi tana wuyansa, shi zai share ajujuwa, ya ja ruwa a rijiya ya cika randunan malamai. Malama Rahila, mai ajinmu, takan ce, "Katantanwa ba ta san ɗan kowa ba."

Ni kaɗai ne Musulmi a ajin. In ana addu'ar safe da waƙoƙi, an yarda in zauna a gindin darbejiya, ranar Juma'a kuma a sallame ni da sha biyu in bi Baba masallaci. Amma mai katantanwa ba ya fita. Baba kuwa ya riga ya faɗa, ranar da makaranta ta hana ni Juma'a, ranar zai cire ni.

Abokina ɗaya ne, Bitrus. Shi ke raba rogonsa biyu ya kawo mini gindin darbejiya, shi ke taya ni cire ciyawa a kunyata ta gonar makaranta. Mahaifiyarsa ta yi sati uku a kwance, na san da an tashi yake rugawa gida ya dama mata kunu. Na kuma san ba wanda za a gaishe shi da mai jiki ya yi shiru. Da aka fita tara sai na matsa kusa da shi, na sassauta murya na ce, "Bitrus, ya jikin Mama?" Ya ɗago kai ya ce, "Da sauƙi, na gode." Na cire zaren na zura masa a wuya.

Na samu Juma'a, har da sahun gaba. Shi kuwa yana jan guga har la'asar. Mama ta warke daga baya, amma har muka gama aji shida Bitrus bai sake yi mini Hausa ba, ko a kasuwa. Sai Turanci, kalma biyu, ya wuce. Ni kuma girman kai ya hana ni ba shi haƙuri.

Yanzu na daɗe a Jidda ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ina haya a unguwar Bani Malik. Kafilina, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, Larabci yake yi mini, abokan aiki Turanci. 'Ya'yan Hausawan da aka haifa a nan ma, in na gaishe su, "Alhamdulillah, ya ammi" suke cewa da Larabci, wato kawuna, su wuce. Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ya jiki. Amsar tana bakina a shirye, da sauƙi, na gode, ban samu wanda zan ba ba.

Allah ya sa Bitrus yana raye, in tambaye shi jikin Mama da zuciya ɗaya.