Hashim Mai Walda da Takardar Shaida

Tun yana saurayi Hashim ya shiga rumfar waldar kawunsa Bukar a bakin kasuwar Mallawa, ga shi yau har da mata da 'ya'ya uku. Amalanke, garma, tagogin masallaci, duk shi ake kawo wa.

Bara da kaka wani abokinsa da ke aiki a ƙasar Larabawa ya kira shi, ya ce kamfaninsu na neman masu walda, aikin shekara biyu. Hashim ya yi fasfo, ya hau mota zuwa Damagaram, biron nan, wato ofishin da ke tura ma'aikata waje. Matar da ke karɓar dosiye, wato takardun masu neman aiki, ta ce biza ba ta fita sai da takardar da ke shaida ya daɗe a sana'ar, da sa hannun maigidansa.

"Madam, dubi hannuwana mana," in ji Hashim.

"Na gani, malam. Amma ba su zan aika musu ba."

Kawu Bukar kuwa ya jima da barin aiki. Hasken walda ya cinye masa ido, sai dai ya zauna bisa benci yana gane mutane da murya. Da Hashim ya gaya masa, sai ya ce, "Bari mu ga gobe." Goben nan ta yi ta ja. Hashim ya san dalili: ranar da ya tafi rumfa ta rufe, kuma daga ita ake cefanen gidan kawu. Ya kasa sake tada maganar.

Wata safiya tsohon da kansa ya ce, "Kawo takardar nan, ɗana. Ba ni zan ɗaure ka ba." Ya dangwala yatsa bisa takardar.

A Damagaram aka ce rumfar ba ta da rajista, don haka shaidarta ba ta aiki. Hashim ya dawo ya tafi ofishin magajin gari. Aka tambaye shi wa ke riƙe da wurin yanzu, ya faɗi gaskiya, aka rubuta sunansa.

Da ya koma Damagaram karo na uku, matar ta daɗe tana kallon takardun.

"Malam Hashim, yanzu ai kai ne maigidan. Mutum ba ya shaidar kansa. Rajistar ma ta watan nan ce."

Kafin damina abokin ya kira ya ce an cike gurbi. Hashim bai gaya wa kowa ba, har matarsa Hanifa, wadda ta riga ta sanar da danginta na Waca zancen tafiyar. Kawu yakan juyo wajen ƙarar injin ya ce, "Yaushe tafiyar?" Sai Hashim ya sauke gilashin walda bisa fuskarsa, ya ce, "Ana jira, Kawu."