Sunan Baba a Ƙarshen Kaset

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunan Baba ba. "Mai gidan nan" take ce masa, ko "shi", in kuwa ya ba ta haushi ta ce "ubanku". Har ya rasu haka take, bayan rasuwarsa ma ba ta sake ba. Ɗana na fari da aka sa wa sunan, yau ga shi har ya tara gemu, ba ta taɓa kiransa da shi ba. Matan zamaninsu haka suka tashi, kunyar sunan miji ba ta tsufa.

Baba mahauci ne a nan Briqueterie, wadda mu 'yan unguwa muke ce wa Birik. Yana saurayi, bai daɗe da auren Inna ba, aka yi biki a gidan sarkin pawa, wani makaɗin kalangu ya zo daga Arewa ya yi wa mahautan unguwa waƙa. Ɗaya bayan ɗaya yake kiransu, kowa da kirarinsa, kuma bisa girma yake bi, ba ya tsallake babba ya kama yaro. Da yake Baba na cikin ƙananan, sunansa can ƙarshe yake fitowa, bayan an kusa minti goma sha biyar ana kiɗa. Wani ya ɗauki waƙar a kaset. Muna da namu, har wata damina ruwa ya shigo mana ɗaki ya lalata shi.

Wanda ya tsira yana wani ƙaramin gidan rediyo da ke kan hanyar Tsinga, masu filin Hausa ranar Lahadi bayan la'asar. Wani dattijo ne ke gabatar da filin, tsofaffin waƙoƙi zalla yake sawa, na goge da na garaya da na shantu, kusan kowace Lahadi kuma da waƙar mahautan yake rufewa. Inna idonta ya daɗe da yin yana, ba ta ganin komai sai inuwa, amma kunnenta ya fi nawa. In ta idar da la'asar sai ta jawo rediyonta, ta sa a kawo mata shayi, ta jingina da bango. In an zo kan sunan sai ta gyara mayafi, ta kurɓi shayi, shi ke nan. Dukanmu mun san abin da take jira, babu kuma wanda ya isa ya faɗa.

Sai dattijon nan ƙafafu suka matsa masa, ya ajiye aiki ya koma Ngaundere wajen 'ya'yansa. Aka kawo sabon darakta da sabuwar mai gabatarwa, wata yarinya mai zaƙin murya, aka kuma kawo sabon tsari: kada waƙa ta wuce minti uku, a riƙa cakuɗa tsohuwa da ta zamani. Lahadin farko suka sa waƙar mahauta. Makaɗi bai ma gama da sarkin pawa ba murya ta yi ƙasa, ta ɓace, wani kiɗan inji ya hau kai. Na dubi Inna. Kofin shayin na hannunta, ba ta kai shi baki ba.

Lahadi uku ana haka. A ta huɗu na ga ta tura rediyon ƙarƙashin matashi tun shirin bai ƙare ba.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Batir ne ya yi sanyi."

Ni na sa batir ɗin da hannuna a ranar. Na fita tsakar gida na tsaya, raina ya ɓaci ƙwarai, domin tun rasuwar Baba ban ga abin da take ɗoki ba sai wannan ɗan lokacin.

Da ƙorafi ya fara yawo a unguwa, gidan rediyon suka ce za su yi sondaj, wato su ji ra'ayin masu saurare. Kowa ya aika mesaj ta waya ya faɗi abin da yake so, tsofaffin waƙoƙi ko na zamani. Na ji sanarwar ina shagona, inda nake sayar da atamfa da shadda. Na ce a raina ai tsofaffin Birik sun fi ƙarfin wannan, za su cika musu waya. Ban aika ba. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Bayan wata guda yarinyar ta karanta sakamako. Ta ce matasa sun aiko da yawa, dattawa kuwa shiru, don haka da alama ba sa saurare, daga ƙarshen wata za a cire tsofaffin waƙoƙi baki ɗaya. Ina cikin yanka wa wata mata yadi shida lokacin. Almakashin ya karkace har sai da matar ta riƙe mini hannu.

An san ni da saurin hawa, ba na musu. Na rufe shago na nufi gida, na tarar da Inna da ƙawayenta biyu a zaune, na hau su da faɗa kamar ni na haife su.

"Inna, ba ku ji ana neman ra'ayi ba? Me ya hana ku ce in rubuta muku? Yanzu ga shi sun ce ba kwa ji."

Inna ta bari na gama, sannan ta ce, "Wa ya ce ba mu aika ba? Ni kowace Lahadi sai na gaishe su."

Ta laluba ƙarƙashin zaninta ta ciro ƙaramar wayarta mai maɓallai. Ta ɗora yatsa kan lamba biyar, mai ɗan tsinin nan da makaho ke iya ji. Nan take na tuna. Ni ce na ɗora mata lambar gidan rediyon a kan maɓallin tun shekarun baya. In ta danna, waya ta yi ƙara sau ɗaya, sai ta kashe. Bip ke nan. A wajenmu bip ɗaya gaisuwa ce, ma'anarsa ina nan, ina tare da kai. Tsohon mai gabatarwa ya san haka, yakan ce, "Masu bip, mun ga gaisuwarku, mun amsa." Da aka ce a aiko da ra'ayi, Inna da tsararta sai suka ƙara yawan bip, a ganinsu sun yi magana har sun maimaita.

Kwana uku ina yawo gida gida, daga Birik zuwa Ekoudou har unguwar Madagascar, cikin jan taɓon damina. Duk inda na shiga labarin ɗaya ne. Akwai wani tsohon mahauci abokin Baba, muna ce masa Baffa, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda aka kira a waƙar. Na same shi a bakin tukubar ɗansa, hayaƙin tsire na tashi.

"'Yata, ni da ba na ganin allon waya, ta ina zan rubuta musu takarda? Na yi bip. Ai sun san ni ne."

"Baffa, ba su sani ba."

Ya kalle ni, sannan ya ce a miƙo masa babbar rigarsa a wanke.

Ranar Alhamis da hantsi muka cika taksi huɗu. Inna rabonta da fita unguwa an fi shekara, amma ranar ita ta riga ni shiri, ta ɗaura zanin da take ajiyewa don Salla. Gidan rediyon a bene yake. Muka hau a hankali, mai sanda da mai riƙe bango, har mai gadi ya rasa wanda zai tare.

Daraktan ya fito, matashi ne ɗan Tsinga, Hausarsa rabi Faransanci. Ba zan ci haƙƙinsa ba, yana da ladabi. Ya durƙusa ya gaida kowa, ya sa aka kwaso kujeru. Da aka gama gaisuwa na faɗa masa abin da ya kawo mu, muryata ta tashi fiye da yadda na so.

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Bon, mu abin da sondaj ya nuna muke bi. Ko mesaj ɗaya ba mu samu daga iyayenmu ba."

"A kawo wayar shirin," na ce.

Yarinyar mai gabatarwa ta kawo ta, aka ajiye a kan tebur. Na juya wajen Inna.

"Inna, gaishe su."

Inna ta danna biyar. Wayar ta yi haske, ta yi ƙara ɗaya, ta mutu. Yarinyar ta leƙa allon, sai ta kama baki. Na miƙa wuya na karanta da Faransancina na kasuwa. Ashe tuni sun adana lambar Inna, sun rubuta mata suna: mai damun mutane ta ɗaya.

"Baffa, bisimilla."

Baffa ya danna tasa. Allon ya nuna mai damun mutane na huɗu. Daga nan ba sai na ce komai ba, tsofaffi suka shiga dannawa bi da bi, wayar na haske tana mutuwa, kowa da lambarsa a jerin masu damun mutane. Wata tsohuwa daga Ekoudou ta danna tata, ta ɗago ta dubi daraktan.

"Kai, ni ta nawa ce a ciki?"

Ashe yayar mahaifin daraktan ce. Ya dubi allon, ya dube ta, ya sunkuyar da kai ya ce, "Goggo, ki yafe mini." Baffa ya fara dariya har tari ya sarƙe shi, sauran suka ɗauka. Ni ma na yi, amma idona ya cika da ƙwalla, don na tuna tsofaffin nan wata da watanni suna sallama a ƙofar da ba a amsawa.

Yarinyar ta ce ita ta ɗauka yara ne ke wasa, har ta yi niyyar toshe lambobin. Ta bi jerin kiran da ba a ɗauka ba tana ja da yatsa, ba ya ƙarewa, kuma duk ranar Lahadi ne bayan la'asar.

Daraktan ya ce filin ba zai tashi ba. Sai na kawo maganar minti uku. Nan ya ɗan turje, ya ce waƙa mai tsawo tana korar mutane. Baffa ya gyara zama.

"Ɗana, ka taɓa shiga taro ka gaida mutum biyu na gaba ka juya ka fita? Makaɗin nan gaisuwa yake yi. Ku kuna kama masa baki bai kai rabin zaure ba."

Daraktan ya yi tunani, sannan ya kawo shawarar da yake ganin ta warware komai. Ya ce zai sa a juye mana waƙar a waya, kowa ya ji a gida duk lokacin da ya so. Har na fara gyaɗa kai. Sai Inna ta ce, "A waya ni kaɗai zan ji. A rediyo kuwa duk gari ke ji."

A nan na gane abin da ban gane ba duk shekarun nan. Ita ba za ta iya faɗin sunan ba, amma tana so a faɗe shi da ƙarfi, ya shiga shagunan teloli da rumfunan masu tsire, mutane su san an yi mutumin. Ina jin daraktan ma ya gane wani abu, domin bai sake musu ba. Ya ce rabin sa'ar ƙarshe ta dattawa ce, ba za a yanke waƙa ba sai ta kai inda mai ita ya ajiye ta.

Muka sauko daga benen kamar masu dawowa daga ɗaurin aure. Baffa ya ƙi shiga taksi sai da ya tsaya ya ba mai gadi labarin yadda aka yi.

Ranar Lahadi ban buɗe shago da yamma ba. An ɗauke ruwa, rana ta fito. Tun kafin la'asar na ji rediyo na tashi a gidan maƙwabta, da shagon telan da ke bakin layi, kowa ya kamo tasha ɗaya. Inna ta idar da salla, na kawo mata shayi, ta jingina da bango. Aka yi na zamani, aka yi na goge, sannan kalangu ya shigo.

Makaɗi ya gama da sarkin pawa. Minti uku suka wuce, kiɗa bai sauka ba. Ya bi manya ɗaya bayan ɗaya. Da ya kira Baffa muka ji guɗa daga can wajen tukuba. Ya ci gaba. Inna ta ajiye kofin.

"Ƙara masa murya," ta ce, "ba na ji sosai."

Wai matar da ke jin tafiyar kyanwa a kan kwanon rufi ce ke faɗin haka. Na murɗa har ƙarshe. Sai ga sunan Baba ya fito, cikakke, da kirarinsa, daga rediyonmu da na maƙwabta da na bakin layi a lokaci guda. Inna ta jawo mayafi ta rufe rabin fuskarta kamar amarya. Ni kuwa ban ɓoye ba, kuka na yi, na daɗi.

Da waƙar ta kai ƙarshe ta laluba ta ciro wayarta, ta nemo biyar, ta danna, ta kashe. Ba a jima ba muryar yarinyar ta fito daga rediyon.

"Inna ta Birik, mun ga gaisuwarki. Mun amsa."

Inna ta mayar da wayar ƙarƙashin zani, ta ɗauki kofinta ta kurɓa.

"Shayin nan ya huce," ta ce. "Ɗumama mini."