Hancin Mota

Samari, makaniki ne ni a Gada Biyu kafin in zama ɗan damfara, kuma hannuna na da kyau. Raini ne ya ci ni. Duk wanda bai san kafireta mai haɗa wa inji mai da iska ba, a wurina jaki ne riƙe da makulli.

Ƙarshen shekarun saba'in wani malamin makaranta ya dawo daga waje yana cika baki. Wai sababbin motocin can an sa musu na'ura a salansa, wato bututun fitar hayaƙi, tana shinshinar hayaƙi ta faɗa wa inji yawan man da zai sha. In ta mutu, mota ta yi ta zuƙar mai da baƙin hayaƙi. Na ce to, abinci ya samu! Tsofaffin motocinmu ba mai wannan na'ura, amma haka suke hayaƙi saboda ƙarancin iskar tudun Jos, kuma juya sukurun kafireta kawai suke so. Na raɗa wa abin suna hancin mota.

In an kawo mota mai hayaƙi, sai in durƙusa in shinshina salansa, in girgiza kai: "Oga, hanci ya mutu." In huda bututu, in cusa mataccen fulogi, in juya sukuru a ɓoye. Su biya har da godiya, sakarkaru.

Haka na yi wa Jauro, wani dattijo mai fataucin shanu a Rikkos. Bai daɗe ba ya dawo.

"Ɗana, warin hayaƙi nake ji cikin mota, kaina na sarawa."

Ko leƙawa ban yi ba. "Baba, hancinka shanu ya sani. Bar wa mota nata."

'Yan zaman gareji suka kwashe da dariya. Shi ya ba ni haƙuri ma.

Ashe fulogin ya faɗi, hayaƙi na fita ta hudar yana shiga ta ruɓaɓɓen ƙasan motar. Wata safiya mai sanyi ya ɗauki jikarsa Hajjo zuwa ruga, gilasai a rufe. Shi ya farfaɗo a asibiti. Ita ba ta farfaɗo ba.

Na sha ɗauri, kuma ya yi mini kaɗan. Da na fito na je na zube gabansa ina kuka. Ya ce, "Na yafe maka. Kaina na kasa yafe wa. Ta ce in buɗe gilashi, na ce mata makaniki ya ce ba komai."

Na tuba, amma tuba ba ta tada matacce. Ku da ke koyon sana'a kuna ganin kowa bagidaje ne, tir da wayon banza! Wanda ya kawo muku kuka, ku kwanta ku leƙa. Hancin tsohon nan lafiyarsa lau.