Tafin Hannun Manong Wasing

Ni na fara gani. Kafin likita, kafin matarsa, ni Lakay Ambros na gane hannun Manong Wasing ya mutu. A yarenmu, Lakay na nufin tsoho, Manong kuma yaya. Wata safiya cikin Janairu ya ɗauki kofin shayi mai tururi ya damƙe kamar ya damƙi dutse, ko yamutsa fuska bai yi ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma wanda ya fito da ransa daga girgizar ƙasa, ya kuma fito daga motar kabeji da ta gangara kwazazzabo, ba a koya masa kallo.

Wasing mai faci ne a bakin filin da muke tseren motoci, ana kewaye robobin da aka jera, a nan Baguio, garinmu mai sanyi a kan duwatsu. Ranar tsere yakan riga kowa zuwa, raɓa na kwance, ya durƙusa ya shimfiɗa tafinsa a kan kwalta. Sannan ya bi motoci yana danna tayoyi da babban yatsa. Tayar tsere mai son zafi, irin wadda ake hawo da ita daga Manila, in sanyinmu ya kama ta sandarewa take kamar katako. In ya ce a cire, cirewa ake. In ya ce a jira rana, jira ake.

Abin yana da mafari. Ɗansa Delfin ne ya shiga fili da irin tayoyin nan wata safiya, uban yana can yana facin babbar mota. Da ya zo kwana, motar ta ƙi juyawa, ta miƙe ta daki katanga. Ni na ciro gawarsa. Tun daga ranar babu motar da ta taka filin nan hannun Wasing bai taɓa ta ba, kuma ba mu sake binne kowa ba.

Bayan maganar kofin, na ritsa shi a bayan shagonsa.

"Kai tsohon biri, hannun nan fa?"

"Wane hannu? Je ka nemo haƙoranka tukuna, Lakay."

"Ba wasa nake ba."

"Bari a gama tseren bana," in ji shi.

A tseren ƙarshe, Luningning, uwar 'ya'ya biyu da ke gab da cin kofi, ta zo da sababbin tayoyi.

"Manong, taɓa min. Kana cewa to, na tafi."

Ya danna. Ya sake dannawa. Da a ce ya ce mata to, da ba wanda zai san ƙarya ce sai ni, kuma da ya ci gaba da zama sarkin bakin fili.

"Ƙanwata," ya ce, "ban ji komai ba. Ba zafi, ba sanyi. Hannun ya tafi."

"Haba Manong, ko kintace ne."

"Da kintace Delfin ya tafi."

Sai ya kamo hannunta ya ɗora a kan kwalta, ya ɗora a kan taya. "Me kika ji?"

"Katako."

"To, ke kika faɗa."

Ta jira rana, layinta ya wuce, kofi ya tafi wa wani. Na gan ta a bayan mota tana kuka, kuma na san ba kofin take wa ba.

Kai ne, Wasing, garkuwar 'ya'yan mutane. Abin alfahari ɗaya ya rage maka a duniya bayan Delfin, ka ajiye shi a gaban kowa don kada wata uwa ta tafi a kan ƙarya. Mun gode. Masu sana'a, ku koya: ranar da hannu ya daina ji, baki ya faɗa.

Yanzu an rufe shagon. Yana zama a kan tsohuwar taya, hannuwa tsakanin gwiwoyi, yana kallon direbobi suna durƙusawa da kansu, kowa da tafinsa a kan kwalta.

Wanda ya ce ƙarawa na yi, ya zo ranar Lahadi da sassafe ya gwada shiga filin nan bai durƙusa ba. Ina bakin ƙofa da sandata.