Baƙin Dutsen Kawu

Juma'ar da ta wuce na loda tumatir a a-kori-kura zan kai kasuwar Wudil daga Lajawa. Na sauke birkin hannu, na taka, mota ta yi gurnani ta ƙi motsi. Tayoyin baya sun ƙame. Ranar Alhamis na ratsa ruwan fadama, na dawo na ja birkin har ƙarshe, ya kwana ya manne.

Ina kwance a ƙarƙashinta ina ta bugu da guduma, tsatsa na zubo mini a ido, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Motarsa ce na gāda. In ta shiga ruwa, ba ya jan birkin hannu. A giya yake barinta, ya jawo wani baƙin dutse mai warin baƙin mai daga ƙarƙashin kujera ya tokare taya. Dutsen nan ya sha ƙona mini rai. Wata rana a tasha na ce, "Haba Kawu, ana kallonmu fa! Waɗanda suka ƙera motar sun sa mata birki."

Ya gutsuri goro ya ce, "Sun taɓa zuwa fadamarmu? Sa dutsen."

Ko wata bai yi da rasuwa ba na jefar da dutsen.

Sai azahar birkin ya saki, tumatir ya riga ya yi ruwa. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka makwancinka. Na tsinto wani dutsen. Kana kabari ma ka ci gardamar.