Sahabi da Ƙanzon Mutanen Da

Kowa a nan ya san Sahabi ba ya wuce tsingaro a hanya. Sai ya duƙa, ya shinshina, ya cusa aljihu. Ni taubashinsa ne, na sha ce masa, "Wai jami'a ɗakin bincike ta kai ka, ko kwasar shara?"

"Jahili! Ƙanzon tuwon kakanka na jikin nan."

Ran nan a Bodinga matarsa Hajo ta tsinci tsohon kasko a ƙarƙashin gado, ta darje shi da toka fes. Sahabi ya dafe kai. "Hajo, mi na yi miki? Tarihin shekaru aru-aru kin wanke kafin hantsi!"

Ta ce, "Ashe ƙazantar ta daɗe."

Amma abin da ya fi cin ransa ƙasar da anka tono ce a wani kufai wajen Mandera, inda kakanninmu sunka taso. Wani Dokta da Sahabi yake aiki a ƙarƙashinsa ya jiƙa ta da asid mai ƙarfi, ya leƙa madubin ƙara girma, bai ga komai ba, ya ce mutanen wurin ba su san noma ba.

"Ranka shi daɗe, ɓurɓushin gero ɗan mitsitsi ne, asid ɗinka ya cinye shi. Ka ƙone shaida, sannan ka ce babu?"

"Kai dai wanke kwalabe," in ji Dokta. Wallahi ta yi masa zafi. Sahabi da ke suɗe kwanon wani, kwana biyu bai taɓa tuwo ba!

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Sabulu ma sai da layi, balle asid daga waje. Aiki ya tsaya cak. Gogan naku ya tari ruwan sama, ya dama ragowar ƙasar kamar koko, ya tace da ɗankwalin Hajo na salla, ya bar ƙasar ta kwanta. Dokta ya leƙa ta a madubin, ya daɗe bai ɗago ba.

"Malam Sahabi, gero ne."

Sahabi ya same ni a rumfar ɗinki. Na gyara zama in sha cika baki, sai na ga hawaye. "Mamman, sun yi noma. Manoma ne."

Ban iya tsokanarsa ba ranar.

Allah Ya jiƙan Sahabi, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sada shi da manoman nan da ya tsaya wa.