Marlys Hovland, Matar da Ta Kayar da Ni Sau Biyu

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, 'yarki Karen ta kira ni ta ce Allah ya yi miki rasuwa a asibitin garinku Brekke, kina da shekara tamanin da huɗu. Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa, can kuma dukkanmu muka nufa. Na ajiye wayar. Matata Lois ta leƙo daga kicin ta tambaye ni wa aka rasa. Na ce Marlys. Ta ce, "To, yanzu da wa za ka riƙa gardama?"

Editan wannan jarida ya ce in rubuta wani abu, wai babu wanda ya fi ni saninki a fagen zaɓe. Gaskiyarsa. Sau uku muka nemi kujera ɗaya ni da ke a hukumar jiharmu mai sa ido kan kamfanonin wuta, gas da tarho. Kin kayar da ni sau biyu, na kayar da ke sau ɗaya, kuma wannan ɗayan shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Matasan yanzu sun taso sun tarar ana ce miki Kwamishina, ba su san daga inda kika fito ba. Shekara goma sha tara kika yi kina karanta mita a ƙungiyar manoma mai raba wutar lantarki, gona zuwa gona, cikin rani da cikin dusar ƙanƙara. Babu karen da ba ki san sunansa ba a gundumomi huɗu. Abin da ya jefa ki siyasa kuwa, kamfanin tarho ne ya nemi izinin kwashe wayoyinsa daga gonakin da ke nesa da titi, wai ba sa kawo riba. Ke kin san su waye a waɗannan gonaki: tsofaffi ne, waɗanda in ɗayansu ya faɗi a ɗaki, wannan wayar ce kaɗai za ta kira masa likita. Kika yi tuƙin awa biyar zuwa babban birni don ki faɗa wa hukumar haka. Aka ba ki minti uku, shugaban zaman yana ta duba agogonsa. Da kika fito, kika ce wa mijinki Orville, "Wannan kujerar da yake kai, zan dawo in zauna a kanta."

A 1986 kika tsaya karo na farko, kika sha kaye, ko kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u ba ki samu ba. Ranar Litinin kika koma bakin aikinki kamar babu abin da ya faru.

A 1992 kujerar ta zama babu kowa a kai, jam'iyyarmu ta tsayar da ni, taku ta tsayar da ke. Lauya ne ni a lokacin, ina ji da kaina. Aka shirya mana muhawara a zauren manoma na garin Sorley, wuri ya cika har bakin ƙofa. Na tashi na ce hukumar nan tana bukatar wanda ya karanta doka, ba wanda ya karanta mita ba. Mutanena suka tafa. Kika bari tafi ya lafa, sannan kika juyo.

"Lauya, mitar gidanka a wane bango take?"

Shekara goma sha biyu ina gidan, ban sani ba.

"Tana bayan gareji, gefen itacen tuffa," kika ce. "Kuma rina ta yi gida a jikinta tun bara. A gaya wa Lois ta yi hankali, tunda ita ke zuwa wajen."

Har yau in na rufe ido ina jin dariyar zauren nan. Zaɓen ya yi kankankan, aka kwana goma sha ɗaya ana sake ƙirga, kika ci da ratar ƙuri'a ɗari uku da goma sha takwas. Ni kam na tabbata rinar nan ce ta ba ki su.

Abin da kika fara yi da kika hau, kika fitar da zaman hukumar daga babban birni. Aka riƙa yin sa a ɗakin ƙasa na coci, a zauren makaranta, a duk inda jama'ar da abin ya shafa suke. Kika ce ba za a sa wa kowa agogo ba. Lauyoyin kamfanoni sun tsani wannan tsari, ni ma na tsane shi, don sau da yawa ni ne lauyan nasu. Mun sha zama awa bakwai a kan kujerun ƙarfe muna sauraron makiyaya, muna shan wannan mugun kofin naki da kike zuwa da shi a tulu. Wayoyin gonakin kuwa ba a kwashe ko ɗaya ba. Duk Kirsimeti kamfanoni kan aiko wa kwamishinoni kwandunan nama da cuku. Naki kai tsaye gidan kula da tsofaffi na Brekke yake wucewa, ki sa a rubuta wa kamfanin takarda cewa tsofaffi sun gode.

A 1998 na sake gwada ki. Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe aka yi wa Lois aiki a zuciya. Kwana biyu da kwantar da ita sai ga ki a asibiti da tukunyar miyar kaza. Kika ce kin soke duk tarukanki har sai an sallame ta. Na ce ba sai kin yi haka ba.

"Ba zan yi yawon neman ƙuri'a kai kana zaune nan ba," kika ce. "In ta tashi mu ci gaba. Kayen naka yana nan, ba inda zai je."

Kwana goma kika yi a gida. Kayen kuwa ya zo kamar yadda kika faɗa, kashi hamsin da takwas gare ki, arba'in da biyu gare ni.

Yanzu na zo inda alƙalami ke yi mini nauyi. A 2002 masu binciken hukumar suka kawo rahoto cewa bututun gas da ke ƙarƙashin garuruwa goma sha huɗu na jiharmu na baƙin ƙarfe ne, tun kafin a haife mu aka binne shi. Kamfanin gas bai musa ba, sai dai ya nemi a ba shi shekara ashirin da biyar ya sauya a hankali. Kika ce shida. Kwamishinoni uku ne, kika ja ɗaya zuwa gefenki, aka zartar. Kin san kuɗin gas zai tashi, kin san za a farfasa tituna, kin san zaɓe na tafe nan da shekara biyu. Mutanenki sun roƙe ki ki jinkirta har bayan zaɓe, kika ƙi.

Ni kuma na ga ƙofa a buɗe. A 2004 na cika jihar da alluna masu cewa Marlys ta haƙa titinku, ta haƙa aljihunku. Na yi alkawarin tsayar da aikin. Jama'a na jin jiki, suka saurare ni, na ci da kashi hamsin da biyu. Washegari da safe kika kira ni.

"Ka ci, Lauya, barka. Abu ɗaya nake roƙonka. Kafin ka tsayar da aikin nan, je ka leƙa rami ko ɗaya ne da idonka."

Na ce to, ban kuwa je ba. Na hau kujera, na rubuta ƙudurin dakatar da aikin, na samu kwamishina ɗaya da zai goyi bayana. Saura mako guda mu kaɗa ƙuri'a, a watan Mayu na 2005, shugaban masu haƙa a Sorley, wani Duane Pfeifer, ya kira ofishina ya ce in zo yanzu, ba gobe ba.

Na tarar an kwashe yaran makarantar firamaren garin an kai su filin ƙwallo. Ramin yana jikin bangon ɗakin cin abincinsu, inda yara ɗari biyu da arba'in ke zama kullum da rana, murhunan kicin na ci. An riga an rufe gas ɗin, amma warin bai bar wurin ba. Duane bai yi mini dogon bayani ba. Ya sauka ramin, ya zaro fensir daga bayan kunnensa, ya danna a jikin bututun. Fensirin ya shige kamar an soka shi a burodi. Na tambaye shi yaushe za a iso wannan layi da a kan tsarin kamfanin aka tafi. Ya ce, "Shekarar 2021, ranka ya daɗe. In akwai sauran makarantar."

Na sa ya yanko mini guntun bututun, na ɗora a mota, na nufi gonarki. Na same ki kina shuka dankali. Na ajiye ƙarfen a gabanki, na faɗa miki inda aka ciro shi. Na shirya wa duk baƙar maganar da za ki gaya mini, don na cancanta. Kika dube shi, kika ce, "Yaran fa?" Na ce duk lafiyarsu ƙalau. Sai kika kifa bokiti kika zauna a kai, kika rufe fuska da hannuwanki masu ƙasa, kika yi kuka. Ban taɓa ganin hawayenki ba kafin ranar, ban kuma sake gani ba sai ranar jana'izar Orville. Da kika share fuska, abin da kika ce kawai shi ne, "Ka ci abinci kuwa?"

Na janye ƙudurin. Na shiga gidan rediyo na ce da bakina Marlys Hovland ce ke da gaskiya, ni ne na ɓatar da jama'a. Manyan jam'iyyarmu sun daina gaisuwa da ni, ban damu ba. An gama sauya bututun a 2008, a cikin shekara shidan da kika yanka.

Da zaɓen 2010 ya matso, na sanar ba zan sake tsayawa ba, na je na ce ki dawo ki karɓi kujerarki. Kina da shekara saba'in, Orville ya rasu, gwiwa ta fara damunki.

"Kai Vern, na tsufa. Wa zai yi mini wannan yawon?"

"Ni zan tuƙa ki."

"Kai? Mutumin da bai san bayan gidansa ba shi zai san hanyar jiha?"

Haka dai muka yi. Wata biyar muna zagaya jihar nan a tsohuwar a-kori-kurarki, guntun bututun na baya a nannaɗe da bargo. Duk garin da muka sauka, ni ke fara tashi, in ɗaga ƙarfen in ba da labarin, in ce ku dubi abin da na so in bari a ƙarƙashin 'ya'yanku. Ke kuma ki ce wa jama'a, "Ku ƙyale shi ya faɗa, yana jin sauƙi in ya faɗa." Mutane suka riƙa layi don su sa yatsa a ramin fensirin nan. Na ga ƙattin manoma da suka kafa allunana a gonakinsu shekara shida baya suna cire hula suna ba ki hannu.

Gundumomi arba'in da tara ne a jiharmu, kika ci arba'in da shida. Kashi sittin da bakwai cikin ɗari, ratar da ban taɓa ganin wani ya samu a wannan kujera ba. A Sorley mutum talatin da ɗaya ne kacal ba su zaɓe ki ba, kuma har kika bar duniya kina cewa kin san su ɗaya bayan ɗaya. Safiyar da aka tabbatar da sakamako, iyayen yara suka shirya karin kumallo a wannan ɗakin cin abincin, fanke da zuma, makaɗan makarantar na busa abin da suka iya. Da kika shigo, ɗakin gaba ɗaya ya miƙe. Kika daɗe tsaye a bakin ƙofa kina kallon yaran, sannan kika ce a zauna kada abinci ya huce.

Kin yi wa'adinki na uku cif, kika sauka a ƙarshen 2016 da ƙafarki. Ba zan ce ba ki da aibi ba, don kin hana ni yi miki ƙarya kina raye. Taurin kanki ya wuce misali. Akwai hukunci biyu da kika yanke waɗanda har gobe ina cewa kuskure ne, mun yi shekara goma muna gardamarsu duk Alhamis a shagon kofi na Brekke, ba ki taɓa sakin ko kalma ɗaya ba.

Ranar Asabar da muka kai ki makwanci, sanyi ya kai inda numfashi ke daskarewa a gemu. Muka fito daga coci muka tarar motocin masu gyaran wuta da na gas sun yi layi gefe da gefe tun daga ƙofar coci har maƙabarta, sun fi sittin, wasu daga ƙarshen jihar suka taso. Ba wanda ya gayyace su. Ma'aikatan suna tsaye jikin motocinsu, hulunan kwano a ƙirji. Waɗannan ma'aikatan kamfanonin da kika yi shekara goma sha takwas kina takura wa ne.

Allah ya jiƙanki, Marlys. Ya yafe miki kurakuranki, ya karɓi aikinki, ya ba ki hutawa a wurinsa, ya sada ki da Orville cikin salama. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Lois ga Karen da ƙaninta Dale, da jikokinki bakwai, da jama'ar cocinku na Brekke, da duk wanda ya taɓa tsayawa gabanki ya faɗi damuwarsa har ya gama. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu ikon koyi da ita. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.

Ki huta, Kwamishina. A garuruwa goma sha huɗu yau ana kunna murhu ana ɗora tukunya babu fargaba, kuma mafi yawan masu kunnawar ba su san dalili ba. Mu da muka sani, mun gode.

Vernon Kubik, tsohon kwamishina